Daga Gadar Gaya Zuwa Bengu: Agajin da Ke Shigowa ta Salula

Wanda ya taso daga Yamai zai nufi Gaya, abokin tafiyarsa na farko layin dogo ne. Yana nan kwance gefen kwalta, kilomita wajen 140 har Doso. An shimfiɗa shi tsakanin 2014 da 2016, aka yi bikin buɗewa da kiɗa da jawabai, amma har yau bai taɓa ɗaukar buhun gero ko ɗaya ba. Awaki ke kiwo tsakanin ƙarafansa. Baƙon da wannan labari ke bin sawunsa, wani ɗan jarida ne Bamaraɗe, ya yi ta kallon layin ta tagar mota yana tunani, domin abin da ya fito nema shi ma an sha yabonsa a ɗakunan taro: wai ƙungiyoyin agaji sun koma aiki da salula da kwamfuta da tauraron ɗan'adam. So yake ya gani da idonsa ko wannan jirgin yana motsi.

Lokacin ƙarshen 2024 ne, an gama girbi, sanyin hunturu ya fara leƙowa. Daga Doso hanya ta miƙe kudu, kilomita kamar 150, ƙasa tana ƙara duhu, itatuwa suna ƙara tsawo, har giginya ta fara bayyana jefi-jefi sannan ta zama daji guda. Babu inda ruwan sama ke sauka a Nijar kamar wannan kusurwa ta Dandi. A da, direba kan sha wuya a wannan hanya saboda manyan motocin da ke fitowa daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano, ɗaya bayan ɗaya kamar tururuwa. Ranar nan sai an daɗe kafin a gamu da guda.

Dalilin yana bakin kogin Isa. Gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil ta ƙasar Benin a rufe take. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, Benin ta rufe nata ɓangaren, Najeriya ta rufe iyakokinta ta kuma yanke wutar lantarkin da take turowa, wadda ita ce kusan kashi 70 cikin 100 na abin da Nijar ke amfani da shi a lokacin. Cikin makonni kaɗan motoci suka yi jerin gwano a bayan Malanbil, wasu kayansu na ruɓewa. Hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda 'yan Nijar suka fi sani da PAM, ta ce tan kusan 6,000 na kayanta sun maƙale a waje, har da abincin yaran da tamowa ta kama. An ɗage takunkumin a watan Fabrairu 2024, iyakar Najeriya ta buɗe a watan Maris, amma hukumomin Yamai suka bar gadar a toshe bisa dalilan tsaro. Kayan da a da ke shigowa ta nan suka koma zagaye ta Lome da Burkina Faso, cikin ayarin da sojoji ke rakiya.

Mutane kuwa ba su tsaya ba. A gaɓar kogi kwale-kwale ne ke kai da komo, ɗauke da fasinja da buhuna da babura, wani lokaci har da firiji ɗaure da igiya. Baƙon na tsaye yana kallo sai salularsa ta yi ƙara: saƙon maraba daga wani kamfanin waya na Benin, alhali ƙafarsa ba ta bar ƙasar Nijar ba. Ya yi dariya shi kaɗai. Rezo ya ƙetare kogin ba fasfo ba biza, shinkafa kuwa sai ta jira mai kwale-kwale. Abin da ya yi ta cin karo da shi ke nan har ƙarshen tafiyar.

Washegari ya hau ɗan kabu-kabu zuwa Bengu, arewa maso gabas da Gaya, daf da iyakar jihar Kebbi. Garin yana cikin fadamar Dallol Mawri, tsohon kwarin kogi da ya ƙafe tun zamanin da ba wanda ya sani, amma ya bar ruwa kusa da fatar ƙasa. Haƙa kaɗan ka tarar da laima. Shi ya sa Bengu ta yi suna da rake da dankali, ga rogo ga mangwaro, kuma ba nisa da nan ne kwarin Foga yake, inda mata ke dafa ƙasa su fitar da gishiri kamar yadda kakanninsu suka yi. Cangawa da Dandawa da Hausawa da Zabarmawa da Fulani duk suna nan, amma cinikin kasuwa da Hausa ake yinsa, kuɗi kuma iri biyu ne a aljihu: sefa da naira. Mai rake zai gaya maka farashi da dala, in ka yi jim ya juya maka shi zuwa naira kafin ka ƙifta ido. Kamba ta fi Doso kusa da su nesa ba kusa ba.

A bakin kasuwa akwai wata rumfa da baƙon ya fi daɗewa a cikinta fiye da kowane ofis. Ta mai caji ce. Faranti biyu na sola a kan rufin zana, batirin mota a ƙasa, sai wani katako da aka jera wa soket kamar talatin, kowanne da salula maƙale. An manna wa kowace waya 'yar takarda mai lamba, mai ita ya tafi da irinta. Yawancinsu ƙananan wayoyi ne masu maɓalli, wasu an ɗaure bayansu da roba. Saurayin da ke da rumfar ba caji kaɗai yake yi ba. Shi ke karanta wa mutane saƙo, shi ke sa musu kati, shi ke gaya wa tsoho cewa wannan saƙon na cin gasa ƙarya ce kada ya tura komai. Lambobin sirrin mutane da yawa suna kansa. Babu ƙungiyar da ta ɗauke shi aiki, babu rahoton da ya ambace shi, amma in ya rufe rumfa ya tafi biki kwana biyu, rabin fasahar zamani ta unguwar ta tafi tare da shi.

Damunar 2024 ta yi ɓarna a Nijar irin wadda aka daɗe ba a gani ba. Alƙaluman hukuma sun nuna mutane kusan 400 sun rasu, sama da miliyan ɗaya da rabi abin ya shafa. Tsohon masallacin Damagaram na ƙasa ya rushe a farkon Satumba, aka kuma ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba saboda azuzuwa da yawa sun zama masaukin waɗanda gidajensu suka zube. A fadama irin ta Bengu, ambaliya ba ta zuwa da ruri kamar ta kogi. Ruwa ne ke sauka daga sama, na ƙasa ya taso ya tarye shi, ya kwanta kwana da kwanaki yana cin gindin katanga, sai wani dare a ji rim, ɗaki ya zauna.

A wani ƙauye na yankin baƙon ya tarar da ma'aikatan wata ƙungiya suna rajistar waɗanda abin ya shafa. Su uku ne, biyu mata, kowanne da kwamfutar hannu da yara ke kira allo. An shimfiɗa tabarmi a gindin mangwaro, maigari na gefe a kujerarsa, dattawan kwamitin gari suna tabbatar da kowane suna. Tambayoyin a jere suke, ba a tsallake ɗaya sai an cika ta: mutum nawa ke ci a tukunyarku, ɗaki nawa ya faɗi, rumbu fa, sau nawa kuka ci jiya, kun sayar da dabba a wannan wata? In an gama sai a bi mai gida a ɗauki hoton kangon, na'urar ta ɗauki daidai wurin da yake a taswira. Babu rezo a ƙauyen, kuma ba a buƙatarsa. Bayanan na kwana cikin allon, sai an koma gari da yamma su tashi gaba ɗaya zuwa Yamai.

Manhajar da akasarin ƙungiyoyi ke wannan aiki da ita sunanta KoboToolbox. Wasu masu bincike biyu, Phuong Pham da Patrick Vinck, suka fara ta a 2005, ta girma a jami'ar Harvard ta Amurka, daga baya ofishin daidaita ayyukan jinƙai na Majalisar Ɗinkin Duniya ya rungume ta, ta zama kyauta ga masu aikin agaji. Wanda ya san zamanin takarda ya san abin da ta sauƙaƙa. A da sai a cika kwali da fom, a ɗaure a bayan mota, ruwa ya jiƙa wasu, a kai birni a ɗauki masu bugawa su yi makonni suna fama da rubutun hannun da ba ya karantuwa. Kafin lissafi ya fito, wanda za a taimaka ya riga ya sayar da akuyarsa. Akwai kuma wani amfani da ba a cika faɗa da ƙarfi ba: ma'aikacin da a da zai zauna inuwa ya cika fom hamsin daga kansa, yanzu na'ura na nuna inda ya tsaya da mintin da ya ɗauka.

Sai layi ya zo kan wata tsohuwa.

"Inna, shekarunki nawa?"

"Wa ya ƙirga, 'yata? Ina da wayo lokacin yunwar zamanin Kunce."

Ma'aikaciyar ta yi murmushi, ta yi ɗan lissafi, ta rubuta wata shekara. Katin shaida? Yana cikin ɗakin da ya faɗi. Lambar waya? Ta ɗan ƙanenta ce, shi kuma yana Kamba wajen aikin shinkafa, layin ma na Najeriya ne. Gurbin lambar a cikin fom ɗin lamba takwas yake karɓa, irin ta Nijar, ya ƙi ta Najeriya ƙememe. Aka tsaya cirko-cirko. Can wani maƙwabci ya ce a sa tasa. Aka sa. Ta haka hakkin tsohuwa ya koma aljihun wani, bisa amana. Mai yiwuwa amanar ta riƙe, domin a ƙauye kowa ya san kowa. Amma wanda ya tsara fom ɗin a ofis mai sanyi bai taɓa zama garin da rabin dangi ke wata ƙasa ba, kuma wannan ba laifin na'ura ba ne.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, Nijar na cikin wuraren farko a duniya da aka gwada tura kuɗin agaji ta waya aka kuma auna sakamakon da kyau. Bayan farin 2009, ƙungiyar Concern Worldwide ta ƙasar Ailan ta raba kuɗi a ƙauyuka 96 na jihar Tawa a 2010, kimanin jaka 22 na sefa kowane wata har wata biyar, kuma mata aka ba. An kasa ƙauyukan uku. Wasu aka ba su kuɗi a hannu cikin ambulan, wasu kuɗi a hannu haɗe da kyautar salula, wasu kuma aka tura musu ta Zap, tsarin kamfanin Zain wanda daga baya ya zama Airtel. Wata masaniyar tattalin arziki, Jenny Aker, da abokan aikinta suka bi diddigi. Suka tarar gidajen da suka karɓa ta waya sun fi cin abinci iri-iri da kashi 9 zuwa 16 cikin 100, yaransu kuma sun fi samun ci a yini. Kuɗin ɗaya ne, to me ya kawo bambancin? Na farko lokaci: ba doguwar tafiya, ba yini a layi ana tsakiyar aikin gona. Na biyu ya fi daɗin ji. Ranar rabon ambulan duk gari ya san wance ta karɓo, kafin ta iso gida masu bashi da masu roƙo sun riga ta. Saƙon waya kuwa ƙit yake shigowa, mace ta yi shiru da bakinta, ta zaɓi lokacin da za ta yi wa maigida maganar, ta sa baki a yadda za a kashe.

Jihar Doso ma tana da nata tarihin. Tun 2009 ƙungiyar Catholic Relief Services ta gudanar da yaƙi da jahilci a ƙauyuka fiye da 100 na Doso da Damagaram, inda a rabinsu aka haɗa da koyon sarrafa salula: gane lambobi, rubuta gajeren saƙo da Hausa ko Zabarmanci. Waɗanda suka koya da waya sun fi sauran ci gaba a rubutu da lissafi, don sun sami abin da za su riƙa gwadawa bayan an tashi daga aji. Ita dai Aker ɗin ce ta nuna tun farko cewa shigowar salula tsakanin 2001 da 2006 ta rage tazarar farashin hatsi tsakanin kasuwannin Nijar da kashi 10 zuwa 16 cikin 100, saboda ɗan kasuwa ya daina tafiya a makance.

Da irin wannan somin taɓi, mutum zai zaci yanzu kowa a Nijar da waya yake karɓar kuɗi, kamar yadda M-Pesa ta mamaye Kenya. Ba haka abin ya kasance ba. Ɗan Nijar in zai aika kuɗi gida, ofishin Nita ko Al Izza ko Amana yake zuwa, ya ba da suna da lamba, na can ya je ya karɓa da hannu. Shagunansu sun shiga lungunan da banki bai taɓa takawa ba, kuma mutane sun yarda da su. Saboda haka yawancin abin da ake kira agajin zamani a nan ruwa biyu ne: suna a kwamfuta, tantancewa da kati ko hoto ko zanen yatsa, amma a ƙarshe takardar sefa ce ake ƙirga wa mutum a tafin hannu. Ko inda aka tura ta waya, sai wakilin da zai canza ta ya kasance yana da tsabar kuɗi a akwati. Ranar da mutum ɗari uku suka zo cira lokaci guda, hamsin ɗin farko ne ke komawa da fara'a. Mutanen iyaka sun ga irin wannan a farkon 2023, lokacin canjin takardun naira, da kuɗi ke cikin waya amma mai tumatir ya ce shi a ba shi a hannu.

Kuma ko an cira, sai akwai abin saye. Hikimar ba da kuɗi maimakon buhu ta dogara ne kan kasuwa mai rai: a ba mutum ya sayi abin da ya fi buƙata, ɗan kasuwar gari ma ya samu. Da aka rufe gada, farashin shinkafa da mai ya tashi, jaka goman jiya ta daina sayen abin da take saye. Na'ura za ta nuna an biya kowa daidai, ba ko dala da ta ɓata. Tukunya ce kawai ta san an yi ragi.

Daga sama ma ana kallon Bengu, ko mutanenta ba su sani ba. Cibiyar AGRHYMET da ke Yamai, wadda ƙasashen Sahel suka kafa a 1974 bayan babban fari, tana bin ruwan sama da tsiron ciyawa ta hotunan tauraron ɗan'adam, kuma da irin bayananta ake zaman da ke fitar da taswirar yunwa, inda ake shafa wa kowane yanki launi daga kore zuwa ja. Shirin tallafin gwamnati da Bankin Duniya ke mara wa baya, wanda ya fara a 2011 yana ba mata jaka goma a wata, ya ɗauki wani sabon salo a ƙarshen 2021: da tauraro ya nuna gonaki ba su sha ruwan da ya ishe su ba a wasu ƙananan hukumomi, sai aka buɗe asusu tun kafin rumbuna su ƙare, gidaje sama da 15,000 suka fara karɓa a watan Maris 2022, watanni kafin lokacin da aka saba kai ɗauki. A kan kogin Sirba, wanda ke cikin masu kawo jan ruwan da ke cika kogin Isa a Agusta da Satumba, masana daga Italiya da hukumomin Nijar sun kafa na'urorin auna ruwa masu aika gargaɗi, tsarin da ake kira SLAPIS. Wanda ya tuna Satumbar 2020, da ruwa ya kai santimita 700 a ma'aunin Yamai alhali jan layi 620 ne, ya san amfanin gargaɗin kwana ɗaya tak. A Najeriya kuma, ƙungiyar International Rescue Committee ta gwada a jihar Adamawa a 2022: gidaje 1,450, rabi aka ba su kuɗi kafin ambaliya bisa hasashe, rabi bayan ta wuce, don a ga wanne ya fi. Ba a fafe gora ranar tafiya, Bahaushe ya riga su faɗa, sai dai yanzu an sami abin da ke nuna ranar tafiyar.

Amma ma'aunin kogi bai san ruwan da ke tsattsafowa daga ƙarƙashin ɗaki a Dallol ba. Wannan labarin mutum ne ke kai shi. Nijar na da kwamitocin gargaɗi na ƙauyuka da ke kai rahoto ga ƙaramar hukuma, ita kuma ta miƙa sama, kuma abin da ya canza aikinsu ba wata babbar manhaja ba ce, WhatsApp ne. Saƙon murya, musamman. Wanda bai iya rubutu ba ya iya danna ya yi magana, ya ɗauki hoton gonar da ta nutse ya tura. Cibiyar manoma ta ƙasa, RECA, ta gane haka da wuri, ta buɗe layin ba da shawara inda manomi ke turo hoton ganyen da tsutsa ta ci, a amsa masa da harshensa. A rumfar mai caji baƙon ya ji wani manomin dankali yana sauraren irin wannan saƙo har sau uku, waya manne da kunne, yana gyaɗa kai kamar mai maganar na gabansa. Ta hanyar nan dai jita-jita ma ke bi, har da saƙonnin ƙarya na "yi rajista ka karɓi tallafi" da ke yawo da tambarin manyan hukumomi.

Akwai tambayar da baƙon ya yi wa ma'aikatan, suka kalli juna kafin ɗaya ta amsa: duk wannan suna da hoto da taswirar gida, ina suke kwana? Amsar gaskiya ita ce a wata kwamfuta mai nisa da ba wanda ke gindin mangwaron ya taɓa gani. Ana karanta wa mutum bayanin neman yardarsa kafin a fara, amma wanda ɗakinsa ya faɗi ba ya cewa a'a. Haɗarin ba tatsuniya ba ne. A watan Janairu 2022 ƙungiyar Red Cross ta duniya ta sanar cewa an kutsa cikin rumbun bayananta an taɓa na mutane fiye da 515,000, waɗanda yaƙi da hijira suka raba da danginsu. A Yaman, a 2019, PAM ta dakatar da wani ɓangare na rabon abinci a Sana'a saboda taƙaddama da 'yan Huti kan wa zai riƙe bayanan zanen yatsa. A nan kusa, dubban mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina da suka tsere wa 'yan bindiga zuwa jihar Maraɗi tun 2019 an yi musu rajista da yatsu da ƙwayar ido. Hakan ya hana a karɓa sau biyu, ya kuma ba wanda ya gudo ba takarda wata shaida. Sai dai mutum na iya canza lambar waya, ba ya canza idonsa. Nijar ta yi dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar da ke kula da ita, amma tsakanin doka a Yamai da tabarma a ƙauye akwai tafiya.

Siyasa ma ta ƙara tura ƙungiyoyin cikin waya. A ƙarshen Agusta 2023 hukumomi suka dakatar da zirga-zirgarsu a yankunan da sojoji ke aiki. A Nuwamba 2024 aka janye izinin ƙungiyar Acted ta Faransa, sannan watanni kaɗan bayan wannan tafiya, a Fabrairu 2025, aka umarci Red Cross ta duniya ta bar ƙasar. Inda ƙafa ba ta zuwa sai a koma kiran waya: an ba ka? nawa aka ba ka? wani ya nemi kaso? PAM ta daɗe tana irin wannan bincike ta salula, a Nijar ma ta yi shi da 'yan gudun hijira. Yana da arha, yana da sauri, amma mai waya kaɗai ke amsawa, kuma mai waya a gidan ƙauye galibi namiji ne, wanda ba shi ke sanin abin da ya rage a tukunya ba.

Cikin duk kayan aikin da baƙon ya gani, wanda ya fi burge shi ba ya cin caji. A jakar ɗaya daga cikin ma'aikatan akwai wani siririn tef na roba mai launi uku, kore da rawaya da ja, da ake zagaya wa damtsen yaro. In ya faɗa ja, ƙasa da milimita 115, sai asibiti. Ƙungiyar ALIMA da takwararta ta gida BEFEN ne suka nuna a Mirya, jihar Damagaram, cewa uwa da ba ta taɓa shiga aji ba tana iya auna ɗanta da kanta, kuma takan gano ciwon da wuri fiye da jiran zuwan ma'aikaci. Daga nan dabarar ta bazu ƙasashe da yawa. Ma'aikaciyar ta miƙa wa wata mai goyo ɗaya, ta nuna mata sau biyu, matar ta gwada a hannun ɗanta, ya faɗa kore, ta naɗe tef ɗin ta soke a bakin zane.

La'asar sakaliya aka naɗe tabarmi. Mutum biyu sun iso a makare daga gona, aka ce musu an rufe fom, sai dai a sa su a takardar ƙorafi. Akwai lambar kira kyauta a jikin wata takarda da aka manna a bangon masallaci, da Faransanci. Ɗaya daga cikinsu ya tsaya yana dubanta, sannan ya ce wa yaronsa ya kwafe lambar a bayan kwalin sukari.

Baƙon ya koma Bengu ya karɓi tasa wayar a rumfar caji, lamba 17, ya biya. Ana loda rake a wata tsohuwar mota da za ta kwana a hanyar Doso, masu lodi suna waƙa suna jifa da ɗauri. A kan bencin rumfar ya ga maƙwabcin nan da ya ba da lambarsa, ya zo da wayar, tsohuwar na biye da shi da sandarta, ko da yake an gaya musu sai bayan mako biyu ko uku.

"Ɗana, duba mini ko ya shigo."

Mai caji ya karɓa, ya danna, ya ɗaga wayar sama wajen kusurwar rufin da rezo ya fi kamawa, ya ɗan jira.

"Tukuna, Inna. Wannan na kamfani ne, wai ki sayi waƙa."

Ta ce to, ta gyara zama a kan bencin, ta tambayi nawa ake sayar da dankali yau.